Ranar da na ce an zura ƙwallaye 34

Safiyar Litinin 6 ga Fabrairun 2017, hankalin kowa a sashenmu na wasanni yana Libreville. A daren jiyan Kamaru ta doke Masar 2 da 1 ta ɗauki kofin Afirka, kuma Vincent Aboubakar, ɗan Garwa, shi ya ci ta biyun dab da tashi. Ni ne ƙarami a gidan rediyon, don haka aka tura mini tarkacen labaran da ake cike shiri da su. A ciki akwai na birnin Houston: New England Patriots ta ci Atlanta Falcons a Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, wadda su ma suke ce wa football. Na ga sunan da Turawa ke kiran ƙwallon ƙafa da shi, na ga 34 da 28, sai na rubuta cewa an zura wa Atlanta ƙwallaye 34 a raga, ita kuma ta rama 28. Haka na karanta kai tsaye, har da gyaran murya.

Da aka buɗe layi, wani dattijo ya kira. "Malam, don Allah masu tsaron gidan nan barci suke, ko kasuwa suka tafi?"

Bayan shiri shugaban sashe ya kira ni. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan. "Kai, ka taɓa kallon wasan nan?" Na ce, "A'a, Yallaɓai." Ya ce to in je in kalla, ran Litinin mai zuwa yana son minti biyar na bayanin da mai shayi zai gane.

Kallon farko haushi kawai ya ba ni. Ƙwallon kamar gwanda, a hannu ake riƙe ta, ƙafa sai jefi-jefi. A yi daƙiƙa biyar ana gwabzawa, ƙarti su taru a kan mutum ɗaya, a busa, kowa ya miƙe a koma shawara. Wasan awa ɗaya ne a agogo, kashi huɗu na minti 15, amma sai ya ci sama da awa uku. Na ce wannan ai taro ake yi, ana ɗan taɓa wasa a tsakani.

Sai a kallo na uku na gano inda na ɓata: ina ta neman raga, alhali rigimar ta fili ce. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri huɗu ta ci yadi 10 gaba. In ta ci, a sake ba ta huɗu. In ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, shi ya sa a yunƙuri na huɗu yawanci sukan doka ta can nesa. Nan langa ta faɗo mini, wadda muka yi a dandali muna yara: mutum ɗaya ne ruwa, saura aikinsu su tare masa hanya har ya kai ya sha. Ƙartin da na ɗauka dambe suke yi ashe masu tare hanya ne, kuma waninsu zai shekara yana wasa hannunsa bai taɓa ƙwallo ba.

Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya samo maki 6, sannan a zaɓa: a buga ta tsakanin sanduna a ƙara 1, ko a sake kutsawa a nemi 2. In hanya ta toshe, bugu daga nesa maki 3 ne. Da wannan lissafin na koma kan wasan da na ɓata wa labari, sai na ga abin da na hana masu sauraro. Atlanta tana gaba 28 da 3 a kashi na uku. Patriots ta haɗa maki 25 babu amsa, sau biyu tana neman 2 ɗin nan kuma sau biyu tana samu, aka tafi ƙarin lokaci, karo na farko a tarihin Super Bowl. Irin daren Istanbul ne na 2005, da Liverpool ta farke uku a hannun AC Milan. Wannan na bari, na je ina ƙirga ƙwallayen da babu su.

Agogo ma ya ba ni mamaki. A namu agogon alƙali ne, ɓata lokaci kuwa abin kunya ne, har kati ake bayarwa. A nasu agogo makami ne: jifa ta faɗi ƙasa ya tsaya, a gudu da ƙwallo a kayar da mutum cikin fili ya ci gaba da tafiya. A wancan Super Bowl ɗin, ana saura kusan minti huɗu Atlanta ta isa inda za ta iya cinye lokaci ta buga na maki 3, sai ta zaɓi jifa, aka mayar da ita baya. Tsayawar da ta gundure ni, a cikinta ake yanke irin wannan shawara, kamar 'yan dara kafin a ɗaga tsinke. Koci yana magana da mai rarraba ƙwallo, wanda na laƙaba wa madugu, ta rediyon da ke cikin hular kwanonsa. 'Yan wasa 53 ne a ƙungiya, masu kai hari daban, masu tsaro daban, a canja yadda aka ga dama. Kocinmu kuwa da an busa sai ihu a bakin layi.

Wani abin da har yau nake jinjinawa: ƙungiyoyi 32 ne a NFL, babbar gasar wannan wasa a Amurka, babu mai faɗawa ƙasa, kuma wadda ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓen matasan da suka fito daga jami'o'i. Ƙasar jari-hujja, amma na baya ake fara zuba wa tuwo. Duk wanda ya ga fuskokin mutanen Kano a 2022, da Pillars ta faɗa rukunin ƙasa, ya san akwai wani tashin zuciya da Amurkawa suka cire wa kansu.

Ni dai ban sauya sheƙa ba. Ƙarancin ci shi ne gishirin namu: ƙwallo ɗaya tak na iya sa ƙaramar ƙungiya ta kunyata babba, kuma duwatsu huɗu da ƙunshin tsumma sun isa a fara wasa. Nasu sai hular kwano da sulke da alƙalai bakwai, ga ciwon kai da ke bin tsofaffin 'yan wasa. Amma na daina raina shi. Nwankwo Kanu ma a filin wannan wasan na Jami'ar Georgia ya ci Brazil a 1996, sai da aka tumɓuke shingen shukokin gefensa kafin faɗin filinmu ya shiga.

Ran Litinin na yi bayanina da langa da dara. Dattijon nan ya sake kira. "To Malam, na gane babu gola. Me ya sa suke ce masa ƙwallon ƙafa?" Na ce gado ne, Baba: wasan farko tsakanin jami'o'in Rutgers da Princeton a 1869 da ƙafa aka fi buga shi, daga baya salon zari-ruga ya rinjaya, jifa gaba kuma sai 1906 aka halatta ta.

Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Ikon Allah. To a ba mu labarin Pillars."