Godiya Bayan Sauke Hotunan Marinar Ƙofar Mata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Jiya bayan la'asar muka sauke hoto na ƙarshe daga bango, muka ciro ƙusoshi, muka toshe ramukan, muka mayar wa masu gida ɗakinsu fari tas kamar yadda suka ba mu shi. Alhamdulillahi. Baje kolin hotuna na farko da na yi da sunana ni kaɗai ya ƙare lafiya: hotuna 32, mako uku a Abuja. Tun ranar buɗewa nake son rubuta wannan saƙo, kai-komo bai bari ba. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba, bai gode wa Allah ba, kuma bashin godiyar da ke wuyana yana da yawa.

Da marina zan fara, domin su ne masu abin.

Shekara uku ke nan da mahaifina ya kai ni Ƙofar Mata ya gabatar da ni. A bakin ƙofar marinar an rubuta shekarar 1498, kuma duk Bakano ya san wajen, amma yawancinmu ta mota muke wucewa. Dattijon da kowa ke kira Baba ya dube ni, ya dubi jakar kyamarata, ya ce: "'Yar nan, masu ɗaukar hoto mun saba da su. Su zo su ɗauka su tafi, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. In da gaske kike, ajiye abin nan, ki zauna ki ga yadda ake yi tukuna." Mako biyu na yi ina zuwa ban ciro kyamara ba. A nan na ga yadda ake haɗa ganyen baba da toka da kanwa a rijiya, a bar su su ruɓa har kumfa ta taso. A nan na ga abin da har gobe yake ba ni mamaki: zane ya fito daga rijiya yana kore-kore, iska ta buge shi, ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka. A mayar, a ciro, a sha iska, a mayar, har ya kai launin da su marina ke kira baƙi, alhali in ka ɗaga shi a rana shuɗi ne mai zurfin da ba shi da ƙasa.

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Da ka bar ni na fara ɗauka tun ranar farko, da irin hotunan kowa na kwaso.

Ina gode wa mabuga, waɗanda suka yi haƙuri da ni ina tsugune a gefen gungumensu cikin ƙarar bugu, ina roƙon su ɗan matsa kusa da ƙofa saboda haske. Ina gode wa mutanen Kura da suka karɓe ni kwana huɗu, suka nuna mini yadda ake buga turkuɗi da garin shuni har ya riƙa walƙiya kamar ƙarfe, irin wanda Buzaye ke naɗa rawani da shi. Bature Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin ƙasar nan ke kaiwa har Tumbutu da gaɓar arewacin Afirka. Hannuwan da na ɗauka jikokin waɗancan hannuwan ne.

Sai iyayena mata na cikin gida, masu ƙulli. Mai zuwa marina yana ganin maza a bakin rijiya, ba ya ganin wadda ta zauna da allura da zare ta ƙulla zanen kafin a tsoma shi. Ni mace ce, don haka zauren da ya tsayar da wasu ni bai tsayar da ni ba. Sun ba ni sharaɗi ɗaya: ban da fuska. Na riƙe alkawari. Hotuna 11 cikin 32 nasu ne, hannu da zare da cinya da zane kawai. Gwaggo, wadda ta fara buɗe mini ɗakinta ta kuma lallashi sauran, na gode. Kafin na kai ko hoto ɗaya ɗab'i, sai da na koma gida-gida na nuna wa kowa nasa a waya, na karanta masa takardar yarda da Hausa. Mutum biyu suka ce a cire nasu, aka cire, kuma ban ga laifinsu ba ko kaɗan.

Yanzu bari in faɗi inda na sha wuya, domin a nan ne na san darajar mutane.

Wanda bai taɓa buga hoto ba yana zaton da ka gyara a kwamfuta ka gama. Allon kwamfuta da haske yake nuna launi, takarda kuwa da tawada, kuma akwai shuɗin da haske ke iya kaiwa amma tawada ba ta kai ba. In ta gaza, sai ta karkata wajen shunayya. To ni kuwa duk aikina shuɗi ne. Gwajin farko da aka bugo, ni dai na ga ya yi kyau. Na ɗauka da murnata na kai Ƙofar Mata. Baba ya goge hannunsa a riga, ya karɓi takardar ta gefe-gefe, ya fita da ita rana, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce: "Wannan ba rininmu ba ne. Na kanti ne wannan." Ya miƙo mini.

Wallahi a cikin adaidaita sahu na yi kukana. Saura mako shida a buɗe, an riga an fitar da sanarwa, rabin kuɗin ɗab'i ya tafi.

Washegari ya aiko jikansa gidanmu da ƙyallaye uku: na tsomi kaɗan, na tsaka-tsaki, da baƙi. Ya ce in kai wa mai injin, ya daina kallon kwamfuta, ya kalli wannan. Mai ɗab'in nan, saurayi ne ɗan Sabon Gari, bai yi fushi ba, bai ce aikinsa na raina ba. Muka riƙa bugo siraran gwaji, faɗin tafin hannu, mu bar su su bushe, mu fito bakin shago mu ɗora su kusa da ƙyalle a hasken rana, domin ƙwan lantarki yana yi wa ido ƙarya. Muka bar takarda mai sheƙi muka koma ta auduga marar sheƙi. Muka rage ja kaɗan-kaɗan. Sau uku ina komawa marina, sau uku Baba yana girgiza kai. A gwaji na tara ya ce, "To, an kusa." Na sha ɗaya muka buga. Ɗan'uwa, takardar da ka ɓata a kaina ba ka caje ni ba, man janaretan da ka ƙona dare biyu ba ka ambata ba. Allah ya buɗa maka kasuwa, ya sa ka gama da iyayenka lafiya.

Ga shugabar gidan baje kolin, wadda ta ga hotuna goma a waya ta ce in zo mu zauna: Hajiya, na gode da amana. Da hotuna 60 na je miki. Kika sa aka bugo su ƙanana, muka shimfiɗa a ƙasa, kika ce in yi ta cirewa har sai abin ya fara yi mini ciwo. Akwai hoton wani yaro yana tsalle tsakanin rijiyoyi biyu, wanda na fi so a cikin duka. Kika ce hoto ne mai kyau, amma labarin yaron yake bayarwa, ba labarin rini ba. Na kwana biyu ina jin haushi, ba zan ɓoye ba. Da muka rataye sauran, daga ganye zuwa rijiya, daga rijiya zuwa shanya, daga shanya zuwa bugu, sai na ga babu inda zai zauna. Ke kika koya mini cewa tsakiyar kowane hoto ya tsaya santimita 145 daga ƙasa, daidai idon mai tsayuwa, kuma ke kika sa aka sauya ƙwayayen ɗakin masu ruwan ɗorawa da farare, don kada su kashe shuɗin da muka sha wahala a kansa.

Maganar firam kuwa, wanda na fara ba aikin ya karɓi kafin alƙalami, ya yi ta yau da gobe har kwana goma suka rage. Na bar shi da Allah, ba zan kama suna ba. Kawuna ne ya haɗa ni da wani kafinta abokinsa, shi da yaransa biyu suka yi firam 32 cikin kwana shida, ana tsakiyar hunturu, ƙura na shiga tsakanin gilashi da hoto, sai an buɗe an goge an sake rufewa. Malam, Allah ya yi wa sana'arka albarka.

Daga Kano zuwa Abuja tafiyar sama da kilomita 400 ce. Mun naɗe kowane firam da bargo, mun sa katifa a ƙasan mota. Duk da haka, bayan mun wuce Zariya motar ta faɗa rami, muka ji ƙara a baya. Da muka isa muka kwance, gilashi biyar sun fashe, duk na manyan nan masu girman A1, hoto ɗaya a cikinsu kuma tsinin gilashi ya karce shi daga sama har tsakiya. Hoton hannun Baba ne, shuɗi har gwiwar hannu, wanda ke jikin katin gayyata. Saura kwana biyu. Na zauna a ƙasa na rasa abin faɗi. Direbanmu, bawan Allah, sai haƙuri yake ba ni kamar shi ya haƙa ramin. Ba laifinka ba ne, Malam, kuma na gode da ka tsaya tare da mu har dare.

Na kira mai ɗab'i ƙarfe goma na dare. Ya buɗe shago, ya sake bugawa, ya naɗe a cikin bututun roba. Yayana ya karɓa da asuba, ya hau mota zuwa Kaduna, ya shiga jirgin ƙasa a Rigasa ya sauka a Idu, yana rungume da bututun nan a ƙirji bai yarda ya ɗora shi a ma'ajiyar kaya ba. Yaya, na san ranar aiki ka bari. Sauran huɗun kuma Hajiya ta ce a rataye su haka nan ba gilashi. Hoto mai duhu in yana bayan gilashi, mai kallo fuskarsa yake gani maimakon hoton. Ma'aikatan gidan suka ja layi a ƙasa don kada a matso a taɓa, suka kuma sa ido har ranar rufewa. Ina gode musu ɗaya bayan ɗaya, har da maigadi, wanda kullum sai ya leƙo ya tsaya gaban hoton mabuga, ya ce yana tuna masa garinsu.

Inna, kwasar adashinki ta bana gaba ɗaya kika ɗauko kika sa mini a jaka, kika ce in na yi magana ranki zai ɓaci. Ban yi magana ba a lokacin, yanzu kuwa a gaban jama'a nake yi: Allah ya biya ki da Aljanna. Abba, ka ji maganganun mutane kan 'ya mace da yawo da kyamara, ka toshe kunne, ka kama hannuna ka kai ni da kanka. Abban yarana, wata biyu kana kai yara makaranta kana ɗauko su, kana jiran waya har sha biyun dare, ban taɓa ganin sauyi a fuskarka ba. Ƙanwata da ta zauna muka rubuta bayanin ƙasan kowane hoto, da malamin makarantar allon unguwarmu da ya rubuta mana su da ajami da hannunsa, Allah ya ƙara ilimi mai amfani. Bayanin ya fito kala uku, Hausar boko da ajami da Turanci, saboda na ƙudura cewa mutanen da ke cikin hotunan su iya karanta abin da aka rubuta a kansu.

Ranar buɗewa marina uku suka zo, da Baba a cikinsu. Ya shigo da rawaninsa na turkuɗi, ya bi bango a hankali, hannu a baya, yana tsayawa yana karanta ajamin da yatsa daga nesa. Mutane suka gane shi daga hoton, suka kewaye shi da tambayoyi, ɗalibai suna fassara wa baƙi. Kusan sa'a guda yana bayanin katsi, wato lakar ƙasan rijiyar rini da ake ƙonawa, da toka da yadda ake gane rijiya ta nuna. Da ya iso gaban hoton hannunsa, ya ɗaga hannun nasa kusa da shi, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya juyo ya ce mini: "Yanzu kam ya yi."

Ga duk wanda ya zo, da waɗanda suka taso daga Kano da Kaduna da Katsina, da malaman da suka kawo ɗalibansu, da 'yan jarida, da abokan sana'a da suka zo suka riƙe tsani da awo, da wanda bai samu zuwa ba ya yi addu'a daga nesa, na gode, Allah ya bar zumunci. Wanda na ɗaga wa murya cikin ruɗanin kwanakin nan, ko na ga kiransa ban ɗauka ba, don Allah ya yafe mini.

Hotuna 9 aka saya. Masu su za su iya karɓa a gidan baje kolin daga ranar Litinin. Kamar yadda muka yi alkawari tun farko, kaso ɗaya cikin uku na kuɗin kowane hoto na wanda ke cikinsa ne, kuma ni da kaina zan kai. Hoton hannun Baba ba na sayarwa ba ne, mutum biyu sun taya na ba su haƙuri. Ranar Juma'a in sha Allahu bayan an sauko daga masallaci zan kai masa shi Ƙofar Mata, tare da ƙananan kwafi na kowa da kowa, na matan kuma a cikin ambulan a rufe, kowacce a miƙa mata nata a ɗakinta.