Abin da Tiyo Ɗaya Ya Yi wa Toyota a Le Mans

Shekara ta biyu ke nan da buɗe garejina lokacin da na fara bin tseren motoci na dogon zango, kuma kakar 2016 ce na bi daga farko har ƙarshe. Tsere tara aka yi a shekarar, an fara a Silverstone ta Ingila, aka rufe a Bahrain. Takwas na awa shida-shida ne. Na taran shi ne uban tafiya: Le Mans ta Faransa, awa 24 cur, direbobi uku suna karɓa-karɓa a mota ɗaya, a hanyar da zagaye ɗaya ya haura kilomita 13.

Ranar Lahadi 19 ga Yuni, motar Toyota mai lamba 5 ce a gaba, Kazuki Nakajima na riƙe da sitiyari, ya ba Porsche tazarar fiye da minti ɗaya. Toyota ba ta taɓa cin wannan tsere ba duk shekarun da ta yi tana nema. Saura kamar minti shida a tashi, sai Nakajima ya sanar ta rediyo cewa motar ba ƙarfi. Ya lallaɓa har gaban garejinsu, nan ta tsaya, saura minti uku da 'yan kai. Neel Jani ya zo ya wuce shi a Porsche mai lamba 2, nasarar kamfanin ta 18 ke nan a Le Mans.

Da Toyota ta bayyana dalili sai na yi shiru. Injin lafiyarsa ƙalau, batir da giya ma haka. Mahaɗar tiyon iska ce ta samu matsala, tsakanin tobo, wato abin da ke cusa wa inji ƙarin iska, da abin sanyaya iskar da ke shiga inji. Irin wurin da nake cewa yaran gareji su ɗaure ni kuwa in tafi sallah.

Da farko abin da na ɗauka shi ne a riƙa duba ƙananan kaya. Na yi wata biyu ina bin kowane tiyo da hannuna, har yaran suka fara ce mini “Oga tiyo” a bayan ido. Daga baya na ga na yi wa kaina gajeren tunani. Injiniyoyin Toyota sun fi ni bincike sau dubu, amma abin ya ɓace musu. Ashe wurin da ya kamata in kalla shi ne abin da ya biyo bayan tsayawar. An samu an canza saitin motar ta tashi, Nakajima ya kammala zagayen ƙarshe, sai dai ya ci minti 11 da daƙiƙa 53, doka kuwa ta ce kada ya wuce minti shida. Motar da ta yi zagaye 384, daidai da wadda ta ci, ko a jerin waɗanda suka gama ba a sa ta ba. Da an san abin yi nan take, ko na biyu ai sun samu.

Wannan ya taɓa ni don na taɓa yin irinsa. Wata bas mai dizal da na gyara, tiyon tobonta ya fita a hanya da daddare. Direban ya ga baƙin hayaƙi, mota ta ƙi ja, ya ɗauka inji ya buga, ya kwana a daji da fasinjoji. Aikin minti biyar ne da sukundireba. Da ya dawo yana faɗa, ni ma na hau shi da faɗa, alhali ban taɓa nuna masa wurin ba.

Toyota ba ta koyi darasin a shekara ɗaya ba. A 2017 ta kawo motoci uku, biyu suka mutu cikin dare, ɗaya da matsalar kuloci, ta ukun kuma ta daɗe a gareji. Porsche da ta ci a shekarar ita ma ta yi fiye da awa ɗaya ana gyaranta, amma ta dawo. Sai kafin 2018 Toyota ta koma haddasa matsala da gangan a wajen gwaji, har da tuƙa mota a kan taya uku, don direba da makanikai su saba. A shekarar ta ci, Nakajima ɗin ne ya tsallake layi, tare da Sébastien Buemi da Fernando Alonso. Gaskiya lokacin Audi da Porsche sun riga sun janye daga babban rukuni, don haka ba na cewa atisayen kaɗai ya ba su.

Yanzu duk direban doguwar tafiya da ya zo ɗaukar mota, sai na buɗe bonet na ce, “Malam, zo ka gani.” In kwance tiyon da kaina, in tayar da inji ya ji ƙarar iskar, in miƙa masa sukundireba ya mayar. Wasu suna ƙorafin ina ɓata musu lokaci. Wani dattijo ma cewa ya yi shekara talatin yana tuƙi, ba yaron da zai koya masa. Na ce, “Baba, yi haƙuri, gwada dai.” Sai a karo na uku ya ɗaure shi daidai.