Godiya ga duk wanda ya tako rugarmu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya bayan La'asar muka rufe karatun Suratul Ƙasas da aka kwashe mako uku ana yi a gindin tsamiyar rugarmu. Ni da iyalina muna godiya.

Allah gafarta Malam, bakina ya yi kaɗan. Kullum sai ka keto rairayin nan a kan babur, ko kuɗin mai ka ƙi karɓa. Ni na roƙi wannan surar, saboda yaranmu sun fara jin kunyar kiwo. Ɗana na fari in ya hango 'yan ajinsu, cusa sandarsa yake yi cikin ciyawa.

Sai ga ka kana warware mana rayuwar Annabi Musa (AS). A fadar Fir'auna ya tashi, ɗan gata a gidan sarautar Masar, amma ya fita a tsorace ba guzuri har Madyana. Da ka kai aya ta 23, inda ya tarar da mata biyu sun tsare bisashensu a gefe suna jiran maza su gama shayarwa, na ga dattawanmu suna gyaɗa kai. Wa ya fi mu sanin turereniyar bakin rijiya da rani? Ya shayar musu, ya koma inuwa ya kai kukansa ga Ubangijinsa. Mahaifinsu ya ba shi auren ɗayarsu bisa sharaɗin aikin shekara 8, in ya cika 10 ganin damarsa ne, kuma ka ce Ibn Abbas ya faɗi cewa goman ya cika. Bayan nan ne ya hango wuta a gefen Dutsen Ɗur, aka kira shi. Sandar da ta zama mu'ujiza kuwa, ita ce wadda yake dogarawa, yake kakkaɓo wa tumakinsa ganye da ita, kamar yadda muke kakkaɓo gawo.

Yau da asuba yaron nan da kansa ya ɗauki sandarsa ya kora shanu, ban tashe shi ba. Wallahi sai da na share ƙwalla.

Inna da matan ruga, fura da kindirmon da kuka yi ta damawa, Allah Ya sa a mizani. Mai unguwa, ranka ya daɗe, mun gode da tabarmi da lasifika. Samarin da suka yi ta ɗebo ruwa a kan jaki, Allah Ya yi muku albarka.

Wani baƙo ya manta butarsa da carbi a gindin tsamiya, suna wurina.