Laraba: ranar da tauraro ya ɓoye hotuna

Aikin wani mai situdiyon hoto a Titin Zoo ne ya cinye min yinin yau. Manhajar da na rubuta masa da Python tana kwaso hotunan fasfo na 'yan makaranta ta rage musu nauyi. A kwamfutarsa mai Windows lafiya lau take aiki, amma da muka mayar da ita kan sabar Linux (kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima) sai wasu hotunan suka yi ɓatan dabo, kuma ba ta ce uffan ba. Da hantsi ya bugo: "Injiniya, 'yan aji uku fa babu su gaba ɗaya." Na ce, "Alhaji, a yi min haƙuri zuwa la'asar."

Bayan azahar na jera sunayen fayilolin na zuba musu ido. Na waya sun ƙare da .jpg, na kyamararsa kuwa .JPG ne da manyan baƙaƙe, ita kuma manhajar *.jpg take nema, wato duk sunan da ya ƙare da .jpg, don alamar tauraro (*) na tsayawa a madadin kowane irin baƙaƙe. Windows ba ruwanta da babban baƙi ko ƙarami, amma a wajen Linux sunaye biyu ne daban. Shi kuma fnmatch na Python, mai gwada sunayen fayiloli, ɗan bi-yarima ne: a Windows yakan ƙanƙantar da baƙaƙen kafin ya gwada, a Linux ya bar su yadda ya same su.

Wani abin ya fi wannan ɓata min lokaci. A Windows, cmd, wato wurin da ake rubuta umarni, yana miƙa wa manhaja tauraron yadda yake, ita za ta nemo fayilolin. A Linux kuwa bash, takwaran cmd, ne ke rigan ta, ya maye gurbinsa da jerin sunaye tun ba ta tashi ba. In bai samu komai ba, sai ya tura mata *.jpg ɗin tsurarsa. Haka *.* ma: a umarnin dir na cmd, mai jera fayiloli, yana kwaso komai, a Linux sai sunan da ke da ɗigo.

Python 3.12 na 2023 ya kawo zaɓin case_sensitive, na kula da girman baƙi ko ƙyale shi, a pathlib, sashensa mai hulɗa da fayiloli, sai dai sabar Ubuntu 22.04 ce, 3.10 ke kanta. Don haka na sa a ƙanƙantar da kowane suna, a gwada da fnmatchcase, wanda aikinsa iri ɗaya ne a Windows da Linux, na kuma kulle tauraron cikin alamar zance don bash ya ƙyale shi.

Hotuna sun cika kafin magariba. Saura masu ƙarewa da .jpeg da HEIC na masu iPhone, gobe in Allah ya kai mu.