Katin da na yi wa Goggo da ƙyallen zanen Inna

Bayan rasuwar Inna, da aka zo rabon kayanta, akwai wani tsohon zanen atamfa da ba wanda ya waiwaya. Ya koɗe, bakinsa ya zare, tsakiyarsa har haske ake hangowa ta ciki. Ni na ɗauka. Shuɗi ne mai ganye-ganye ruwan goro, kuma na san tarihinsa: ankon bikin autan su Baba ne, ita da Goggo tela ɗaya ya ɗinka musu. Na Goggo ya daɗe da mutuwa. Shekara uku zanen yana ƙasan akwatina, sai bana da Allah ya nufi Goggo da sauke farali na shiga tunanin abin da zan tarbe ta da shi. Wadda ta dawo daga Makka ita ke rabon tsaraba, me za ki kai mata? A nan zanen ya faɗo mini a rai.

Na daɗe ina haɗa katin gaisuwa da hannu, na suna, na sauka, na barka da Sallah. Ba zane kawai nake yi ba, takarda nake haɗawa da ƙyalle da zare da tawada, duk abin da zai zauna a kan kwali ya yi kyau. Amma ban taɓa aiki da ƙyallen da in ya lalace ba ni da madadinsa ba, shi ya sa na fara gwaji da ragowar yadin da na roƙo wurin telan unguwarmu.

Gara da na yi hakan. Gwajin farko ya lanƙwashe kamar ganyen da rana ta daka, saboda na shafa ruwan kala a kan takarda marar kauri. Takardar da ake buga rubutu da ita a ofis nauyinta giram 80 ne a kowace murabba'in mita, ba ta iya ɗaukar ruwa. Kati yana son kwali mai giram 250 zuwa 300. Na sayo fari, girman A5, wanda in an ninka shi biyu yake komawa santimita 10.5 da 14.8, daidai ƙaramin ambulan. Kafin ninkewa nakan ɗan tanƙwara kwalin ta tsaye da ta kwance, in ji ta ina ya fi saurin bi, domin takarda ma tana da jijiya kamar nama, in kika ninke ta a gicciye sai bakin ya tsattsage. Sannan in ɗora rula, in ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare, sai ninkin ya kwanta sumul.

Kalar bango ita ta fi cinye mini lokaci. Zoɓo na so, don Inna ba ta rabo da shi. A kofi ja ne jawur, amma yana bushewa a takarda sai ya juya ya koma wani shunayya mai duhu. Na ɗiga masa lemon tsami, ya yi haske ya dawo wajen ja. Na taɓa wani gefen da ruwan kanwa, nan take ya rikiɗe shuɗi-shuɗi mai ratsin kore. Na daɗe zaune ina kallon wannan abu. Sai dai da na ajiye guntun a bakin taga na mako guda, kalar ta dusashe ta zama toka-toka. Kati ne da nake so ya daɗe, dole na haƙura. Na koma ga ruwan shayi mai kauri, ba madara ba sukari, na shafa sau biyu a wata takarda daban mai ruwan madara, na bari ta bushe a ƙarƙashin littattafai. Ta fito ruwan ƙasa mai taushi, kamar takardun tsofaffin malamai.

Sai ranar da na sa wa zanen almakashi. Na yi bismilla, na yanko wajen da ganye ɗaya ya fito cikakke, bai kai tafin hannu ba. Tsohuwar atamfa ba ta da ƙwari, tana zarewa da an taɓa ta, kuma in aka shafa mata gam kai tsaye sai ya ɓullo ta fuska ya bar tabo. Abin da nake yi shi ne in sirka farin gam na kafintoci da ɗan ruwa, in shafa shi siriri a kan takarda, ba a kan ƙyallen ba, in jira ya fara danƙo, sannan in kwantar da ƙyallen in lallashe shi da yatsa daga tsakiya zuwa gefe. Ya kwana a danne. Da safe ya yi ƙarfi kamar an sa masa sitaci, reza ta bi gefensa ba zare ko ɗaya da ya tashi. Na zagaye shi da ɗinkin hannu da zare ruwan goro. Kwali ba ya yafe kuskuren allura, don haka sai da na fara huda ramukan ɗaya bayan ɗaya a kan guntun soso, sannan na bi da zaren. Ƙulle-ƙullen baya na rufe su da wata farar takarda daga ciki.

Goggo ba ta yi boko ba, ajami take karantawa. Na karɓo alƙalamin kara da tawada wurin malamin makarantar allon da ke layinmu, irin baƙar nan da ake haɗawa da ƙaro. Ƙaron shi ke riƙe baƙin a jikin takarda, kuma shi ɗin ne dai ake sa wa fentin ruwa na kanti. Ban rubuta aya ba. Kati abu ne da ke yawo hannu zuwa hannu, yaro zai iya yar da shi a ƙasa, ba na son ɗaukar wannan nauyin. Layi biyu na rubuta: sannu da zuwa Hajiya Goggo, Allah ya sa karɓaɓɓiya ce.

Ban da gwaje-gwajen, kwana huɗu aikin ya ɗauke ni. Ranar da na je, ɗakin cike yake da 'yan barka, ana ta miƙa zamzam da dabino. Na jira aka ragu, na durƙusa na gaishe ta, na miƙa mata ambulan. Ba ta ma kai ga rubutun ba. Ta ɗora babban yatsa a kan ganyen nan, ta shafa, ta sake shafawa, ta kai shi kusa da idonta.

"Ke 'yar nan, ina kika samo ankonmu?"

Na ce, "Na Inna ne, Goggo."

Ta yi shiru. Can ta ce a gaban Ka'aba ta yi mata addu'a, ta ambaci sunanta sau uku. Ta sa aka miƙo mata jakarta ta hannu, ta zuge aljihun ciki inda take ajiye carbi, ta saka katin. Da zan tafi ta riƙo hannuna ta tambaye ni ko da sauran zanen. Na ce akwai ganye biyar masu kyau. Ta ƙirga mu da yatsu, mu 'ya'yan Inna, ta ce to kowa a yi masa nasa kafin azumi.