Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Kura da Ƙura

A makon jiya na tsaya a inda na dawo daga bautar ƙasa na tarar an tanadar mini kujera a shagon Baffa a Kantin Kwari. Wata bakwai na yi ina auna shadda. Ban raina sana'ar ba, da ita aka riƙe mu bayan rasuwar Abba. Amma ranar da sunana ya fito a cikin waɗanda Jami'ar Bayero ta ɗauka digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta, na durƙusa na sanar da Baffa. Bai ɗago daga littafin lissafinsa ba, ya ce, "To Malam, karatun da bai cika tukunya ba ai hira ce." A gaban yaran shago ya faɗa, har ɗaya ya juya baya yana dariya.

Kuɗin rajista daga adashin Umma ya fito, ta ce kada in bari Baffa ya ji. Kwamfutar kuwa 'yar gwanjo ce Yaya ya sayo mini a Beirut Road, batirinta ba ya kai awa ɗaya. Kullum daga Gwammaja in hau adaidaita sahu zuwa Kabuga, in sake hawa wani ya bi da ni titin Gwarzo zuwa sabuwar jami'a. Zango biyu na farko darasi ne da jarrabawa, su algoridim, wato matakan da kwamfuta ke bi ta warware matsala, da rumbun bayanai da hanyoyin bincike. Ba ni da abin faɗa a kansu, na ci, shi ke nan.

Aikin binciken ne ya shiga raina. Wata rana ƙanwata ta turo mini saƙo daga makaranta wai kura ta hana su fita. Na san ƙura take nufi, domin hunturu ake. To amma ta yaya inji zai sani? Yawancinmu a waya ba ma sa ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, sai baki da baƙi su zama abu guda, kasa da ƙasa ma haka. Mutum yana ganewa daga kalmomin da ke kewaye, na ce to a koya wa kwamfuta ita ma ta duba maƙwabtan kalma. Da na kai wa malamin da ke duba aikina, ya yi shiru, sannan ya ce, "Rubutun da za ka koyar da ita fa, ina za ka samo?" Nan wahalar take. Dole in tara jimloli dubbai waɗanda aka rubuta daidai, in cire musu ƙugiya da Python, wato wani yaren rubuta wa kwamfuta umarni, in ba injin masu ƙugiyar da marasa ita, ya yi ta gwadawa yana kuskure ana gyara masa har ya kama hanya. Sai na tarar ko rubutun da ake ganin mai kyau ne a cike yake da gauraye: wani ya sa k', wani 'k, wani ya bar shi haka. Mu a Najeriya muna rubuta 'y, a Nijar suna rubuta ƴ. Da hannu na bi su layi-layi, da daddare, in wuta ta ɗauke in kai kwamfutar wajen mai cajin waya a bakin layinmu.

Ranar 14 ga Fabrairu 2022 malaman jami'o'in gwamnati suka shiga yajin aiki a duk ƙasar, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas. Na koma shago, don ba zan zauna Umma tana ciyar da ni ba. Baffa bai sake faɗin maganar da baki ba, sai dai in mai saye ya tambaya ya ce, "Ɗan wajen marigayi ne, yana hira a jami'a." Wallahi wannan ta fi ta farko ciwo. Abba ne ya fara kai ni wajen koyon kwamfuta ina aji uku na sakandare, ya biya da kuɗin da ya ware na ɗinkin sallarsa. Baffa ya sani, domin shi ya raka mu.

Na tsallake wani abu. Tun kafin yajin aikin, lokacin da zan kare shawarar binciken, wani abokin karatuna ya ce me ya sa ba zan ɗauki aikin tsaron intanet ba, wanda bankuna ke nema? Maganar Baffa ce dai a bakin ɗan boko. Ban amsa masa ba. Na san Hausawa miliyoyi ne ke rubutu a waya kullum, kuma injin da bai bambance kura da ƙura ba, ba zai fassara maka ko takardar asibiti daidai ba.

Ranar da mai jarrabawa na waje ya zo, ya ce in buga jimla a gabansu. Hannuna na rawa na rubuta "bakin yaro ya bata kudi a daki". Kwamfutar ta mayar da ɓata da kuɗi da ɗaki, ta bar bakin yadda yake. Ya tambaye ni dalili, na ce jimla ɗaya ba ta isa a san baƙin yaro ake nufi ko wani abu daban ba, sai an ga abin da ya gabata. Ya gyaɗa kai, ya ce in rubuta hakan a babi na biyar.

Kundin da aka ɗaure, kwafin farko Umma na kai wa, ta shafa bangon ta yi ta hawaye tana ambaton Abba. Na biyu na kai shago. Baffa ya juya shi, ya karanta sunan ɗan'uwansa a shafin sadaukarwa, ya daɗe a kai, sannan ya sa shi a ƙarƙashin littafin lissafi ya ce in miƙo masa almakashi. Yanzu shekara biyu ke nan ina kai wa Umma buhun shinkafa daga albashin wannan hirar, kuma har yau bai janye maganar ba. Yadda aikin ya samu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.