Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Mambila da Ƙafa

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan tarihi. A makon jiya mun tsaya inda motarmu ta baro Serti, ta wuce Mayo Selbe, ta kama hawan nan mai kwana-kwana har Maisamari da Nguroje, muka sauka Gembu da almuru, haƙorana suna kaɗawa don sanyi. Ni da na tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Katsina, ga shi bautar ƙasa ta kawo ni jihar Taraba, kan tudun Mambila da tsawonsa ya haura mita 1,500.

Da farko ban san ko'ina ba sai makaranta da masallaci da kasuwa. Mai gadin makarantarmu, wani dattijon Bafulatani da muke kira Baffa, shi ya gaji da ganina a ƙunshe cikin bargo.

"Malam, wanda ya ga Mambila ta tagar mota bai gan ta ba," in ji shi. "Ranar Asabar ka ɗaura takalminka."

Mun fita bayan asuba, hazo ya rufe gari, ko masallacin da muka baro ba a gani. Da rana ta ɗaga sai ƙasar ta buɗe: tudu bayan tudu, duk kore shar, babu itace sai jefi-jefi, jajayen shanu masu dogayen ƙaho a warwatse a kai. A can ido yana yaudarar mutum. Za ka hango ruga ka ce yanzun nan za ka isa, ashe tsakaninku akwai kwari mai zurfi, sai ka gangara da taka-tsantsan a kan jar laka mai santsi, ka tsallake rafi, ka sake hawa. A hawan farko numfashina ya sarƙe. Baffa ya karɓi jakata, ya miƙo mini sandarsa.

"Taka a hankali, ɗana. Gajeren taki, kada ka tsaya."

Muna cikin haka wasu mata suka wuce mu, kowacce da kwandon masara goye a baya, za su kasuwa. Hanyar da nake kira yawon buɗe ido ita ce hanyarsu ta neman abinci, damina da rani. Na girmama matan nan ƙwarai, har yau kuma ina girmama su.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne ruwa. Kusan kowane kwari muka gangara akwai idon ruwa yana tsattsafowa daga ƙarƙashin ciyawa, garai-garai, da sanyin da ke sa yatsu su ƙage. Baffa yakan durƙusa ya kamfata da tafi biyu, ya sha, ya shafa a fuska, ya yi hamdala. Waɗannan ƙananan rafuka su ne ke haɗuwa su cika kogin Donga da ke bi ta gindin Gembu, shi kuma ya gangara ya faɗa Binuwai. Mai noman rani da masunci da ke can ƙasa, da yawansu ba su taɓa jin sunan waɗannan tuddai ba, alhali daga nan arzikinsu yake tasowa. Shi ya sa hankalina ya tashi da Baffa ya nuna mini wani kwari da aka cika da itacen zaiti, wato bishiyar turare mai yawan shan ruwa, ya ce yana yaro nan suke shayar da shanu, yanzu kuwa ko laima babu. Ban zargi masu dasawa ba, don zaiti shi ne katakonsu, shi ne makamashinsu a ƙasar da sanyi ba ya wasa. Amma bakin idon ruwa ba wurinsa ba ne.

Daga baya mun je Kakara, inda gonakin shayi suke jere reras a jikin tudu, masu tsinka suna zaɓar ɗanyen toho kawai suna jefawa a kwando. Mun kuma taka daga ƙauyen Yelwa zuwa dajin Ngel Nyaki. Kana cikin fili fetal, sai ga kurmi baƙi ƙirin a gangare, itatuwa dogaye, gansakuka ta lulluɓe rassansu, birai suna kuka daga sama. Akwai cimfanzi, wato manyan birai masu kama da mutum, a ciki, sai dai ba su yarda a gan su. A gefen kurmin na ga baƙin tabon gobarar da ake sa wa ciyawa da rani, ta ci har gindin itatuwan farko. Ranar na koma gida jikina a sanyaye.

A hanyar dawowa Baffa ya ba ni labarin ƙuri'ar 1961, lokacin da wannan yanki, wanda a da yake cikin Kamaru ta Arewa ƙarƙashin Ingila, ya zaɓi shiga Nijeriya. Daga nan aka sami lardin Sardauna, sunan da ƙaramar hukumar da Gembu ke hedikwatarta take ɗauke da shi har yau.

Da muka iso bakin gari sai ya dubi ƙafafuna, ya ce sun fara nuna, saura Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419, can kan iyakar Kamaru. Yadda muka shirya wannan tafiya, da abin da ya same mu a hanya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.